Tambaya da Amsa: Shin tallafi yana kashe wa talaka zuciya?

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan karo daga jahar Maraɗi suke, kuma kusan duk a kan magana ɗaya: kuɗi da hatsin da gwamnati da ƙungiyoyi ke rabawa, tayar da talaka suke yi ko kwantar da shi? Mun zaɓi shida mun taƙaita.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ina kuma da gona a kan hanyar Dakoro. A da in na aika neman ƴan barema lokacin noman farko, har sai na sallami wasu. Yanzu sai an zaga ƙauye biyu kafin a haɗa mini goma, kuma sun ƙara kuɗi. An ce tun da furoje ya soma ba matansu kuɗi duk wata suka daina fita. Wannan ba mai da mutane ci-ma-zaune ba ne?
Wani Alhaji, unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tun da kai mutumin tiya da buhu ne, mu soma da lissafi. Shirin tallafin da gwamnati ta kafa a 2011 da kuɗin Bankin Duniya, ƙarƙashin ofishin firaminista, ya fara ne da jika 10 (jika ɗaya dala 200 ce) ga gida ɗaya a wata, tsawon wata 24, kuma a hannun mace ake danƙa su. Kashi na biyu, wanda aka sa wa suna Wadata Talaka, ya biyo baya a 2019. Gida mai mutum bakwai yana cin abin da ya kusa tiya biyu ta hatsi a rana. A ce tiyar gero tana dala 140 a tsakiyar damina: jika 10 tiya 14 ce da ɗan canji, wato cimakar mako guda, ba cefane, ba sabulu, ba kuɗin niƙa, ba magani. Ko an ɗaga kuɗin zuwa jika 15, bai wuce na kwana 11 ba. Sauran kwanakin wata fa? Babu magidancin da zai rataye hauya a kan wannan.

To ina ƴan baremar taka suka shiga? Suna gonakinsu. Gero yana son noman farko cikin mako biyu zuwa uku bayan shuka, a rage shi a bar tsiro kamar uku a rami, sannan a yi maimai kafin ciyawa ta sake rufe shi. Wannan lokaci kuwa shi ne daidai lokacin da rumbun talaka ya ƙare. Sai ya sammako gonar mai hali don ya samo abin da za a ɗora a wuta da dare, tasa gonar ta jira. Kafin ya waiwayo, ciyawa ta shanye laima da ɗan takin da ke ƙasa, geron ya tsumbure. Kaka ta zo, damman sun ragu. Ga bashin da ya ci da damina, irin wanda ake kira a-ci-ba-daɗi, da hatsi zai biya shi a farashin kaka, lokacin da tiya ta fi araha a duk shekara. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara, baɗi ya koma barema da wuri fiye da bana, shekara ta uku a soma zancen jinginar da gona. A kudancin jahar nan, wajen Madarunfa da Gidan Rumji da Agye, inda jama'a suka yi yawa ƙasa ta yi kaɗan, gonaki da dama ta wannan hanya suka bar hannun masu su.

Abin da jika 10 ke yi shi ne ta saya wa mutum kwana shida ko bakwai da zai yi a gonarsa a lokacin da gonar ta fi bukatarsa. Kai daga inda kake tsaye za ka ga kamar ya daina aiki. Aikin yana nan, gona ce ya sauya.

An kuma auna wannan. A gwajin farko da aka yi a Tawa da Tilaberi a 2011 da 2012, masu bincike sun koma wata 18 bayan an daina biya, suka tarar gidajen da suka karɓa sun fi maƙwabtansu dabbobi, sun kuma fi su shiga adashi. Wani binciken da aka yi a Doso da Maraɗi ya nuna abin da gidajen ke ci da kashewa ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, kuma amfanin ya fi fitowa a inda fari ya taɓa. A waje ma haka: a 2017 masanin tattalin arziki Abhijit Banerjee da abokan aikinsa sun sake duba gwaje-gwaje bakwai na tallafin kuɗi a ƙasashe shida, Meziko da Honduras da Nikaragwa da Maroko da Indonesiya da Filifin, ba su ga alamar cewa masu karɓa sun rage aiki ba.

Malalata dai akwai su, a gidan talaka da gidan mai hali, kuma tun kafin a san furoje suke. Tsadar barema kuma gaskiya ce, kai za ta fi taɓawa. In ka biya rabi da hatsi a lokacin da hatsin ke wuya, ka kuma yarda su yi maka rabin yini su koma nasu, za ka fi samun hannu.

TAMBAYA: Na karanta cewa a Amurka sai da suka sauya doka saboda tallafi ya sa mutane sun ƙi aiki. In ya faru a ƙasar da ta fi mu tsari, me zai hana a nan?
Malamin makaranta, Tasawa

AMSA: Malam, abin da ka karanta yana da tushe. Tsakanin 1968 da 1982 Amurka ta yi manyan gwaje-gwaje huɗu na ba iyalai marasa ƙarfi kuɗi, aka ga sun rage awoyin aiki: magidanta kaɗan, matan aure da matasa fiye da haka. A 1996 kuma shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ɗora sharaɗin aiki, ta kuma ƙayyade shekara biyar a matsayin iyakar abin da mutum zai karɓa daga kuɗin gwamnatin tarayya a rayuwarsa.

Sai dai ka dubi yadda aka gina nasu tallafin. Ana rage shi ne gwargwadon abin da mutum ya samu. A tsohon tsarin akwai lokacin da duk dalar Amurka ɗaya da mace ta samo da guminta, sai a zare kusan ɗaya daga tallafinta. Mu kawo shi gida: a ce ana ba ka jika 30 a wata, ka sami aikin jika 20, sai a mayar da tallafinka jika 10. Ka yi wata guda kana wahala, ka biya kuɗin mota, aljihunka yana nan a jika 30. Wanda ya zauna a irin wannan hali ba rago ba ne, lissafi ya iya.

Namu ba haka yake ba. Adadin a yanke yake, wa'adin a yanke, kuma ba mai bin ka ya ƙirga ribar ƙosai ko abin da ka samo a cin rani. Duk dalar da ka nema ta hau kan tallafin ne. Can albashi a rubuce yake, hukuma tana gani. Nan ko an so a rage ba a san abin da za a rage a kai ba. Saboda haka ɗauko hukuncin Amurka a ɗora wa ƙauyen Tasawa kuskure ne. Amma kada mu yi saurin wanke kanmu, don muna da namu tarkon, kuma yana wajen zaɓen waɗanda za a ba. Wasiƙa ta gaba a kansa take.

TAMBAYA: Ina cikin kwamitin da ke tantance mabuƙata a garinmu. Duk lokacin da aka ji masu rubuta suna za su zo, sai a kora awaki gidan dangi, a ɓoye babur. Wasu samari sun fasa tafiya biɗa suna jiran a rubuta su. Bayan an raba kuma sai manya su ce a tattara a sake rabawa kowa da kowa. Ina mafita?
Wani dattijo, yankin Gidan Rumji

AMSA: Baba, wannan ita ce ɓarnar gaske, kuma ba daga kuɗin take ba, daga ƙa'idar samunsa take. In mallakar akuya uku za ta fitar da mutum daga takarda, to an koya masa cewa tara dukiya asara ce.

Hanya biyu aka fi bi a ƙasar nan. Ɗaya, ma'aikata su bi gida-gida da tambayoyi: rufin ɗaki, yawan ɗakuna, dabbobi, rediyo, babur, bakin da ke ci, na'ura ta haɗa maki ta jera gidaje. Ɗayar kuma a tara gari, kwamiti ya kasa gidaje huɗu: masu hali, matsakaita, talakawa, da talakawa futuk. Ta farko tana da wuyar murɗewa amma ba mai iya bayyana wa gari dalilin da aka ɗauki wannan aka bar wancan, ga shi ba ta ganin wanda gobara ko ciwo ya durƙusar jiya. Ta biyu ta san gari, amma ta san dangi da siyasa ma. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, ciki har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun bi wannan al'amari a ƙauyuka, suka rubuta irin abin da ka faɗa: zargi, da tattara kuɗi a sake rabawa bayan motar furoje ta juya baya. Dalilin ba boyayye ba ne. A garin da kusan kowa ke cikin rashi, tazarar da ke tsakanin na ƙarshen da aka ɗauka da na farkon da aka bari ba ta wuce akuya ɗaya ba.

Ga abin da ke rage matsalar. A karanta sharuɗɗan a bainar jama'a kafin a ambaci sunan kowa, kuma a jingina su kan abin da ba ya ɓoyuwa cikin dare ɗaya: faɗin gona, watannin da rumbu ke kaiwa, yawan masu ƙarfin aiki idan aka kwatanta da bakin ci, ko gidan ya jinginar da gona. A kafa kwamiti biyu ko uku su zauna dabam-dabam, ɗaya na mata zalla, kowanne ya fitar da jerinsa; sunan da ya fito a duka ya shiga, wanda aka saɓa a kansa a je gidan a gani. Mai gari ya zama shaida, kada ya zama mai rubutu, wannan ma kariya ce gare shi. Kwamitin koke ya zama wasu mutane ne dabam. A gidan da ke da kishiyoyi a tsayar tun farko ko tukunya ɗaya ake ƙirgawa ko kowace mace da ƴaƴanta, don nan ne rigima ta fi tashi.

Sai abu biyu da dole a faɗa da babbar murya ranar farko. Na ɗaya, nawa ne, wata nawa ne, yaushe zai ƙare, da cewa wanda ya sayi akuya ko ya kafa sana'a a tsakani ba za a cire shi ba. Na biyu, gidan da maigida ya tafi biɗa ana rubuta shi da sunan matarsa. Wannan kaɗai ya isa ya sallami samarin da ke zaman jira. Abin da ke zaunar da mutum a gari shi ne jita-jitar cewa "suna nan tafe" ba tare da rana ba. Haka ma jinkirin biya: kuɗin watan bakwai da ya iso watan goma ya riga ya rasa aikinsa, don an ci bashi a kansa. Yadda ake miƙa kuɗin ma yana da tasiri. A 2010, a jahar Tawa, an gwada tura wa wasu mata ta salula, wasu kuma suka riƙa zuwa layin karɓa. Waɗanda aka tura wa ta salula sun rage ɓata lokaci a hanya da jira, abincin gidajensu kuma ya fi bambanta.

Irin wannan tarko yana cikin maganin tamowa. Tun yunwar 2005, da cibiyoyin jinyar yara suka cika a jahar nan, aka san fakitin gyaɗar nan mai giram 92. Yaron da awon damtsensa ya gaza milimita 115 ake ba, kuma magani ne nasa shi kaɗai. A gidan da babu komai, uwa takan raba wa sauran yara ko ta sayar da wani ta sayi gero, yaron ya daɗe bai murmure ba. Zagin uwa ba ya gyara wannan. Abin da ya taimaka shi ne raba abincin kariya ga dukan yara ƴan wata 6 zuwa 23 a watannin wuya, yadda ba sai yaro ya rame gidansu zai sami wani abu ba.

TAMBAYA: Me ya sa ba za a daina ba da kyauta ba gaba ɗaya, kowa ya yi aiki a biya shi?
Wani matashi, Mayahi

AMSA: Ɗan'uwa, ana yi. A shirin gwamnati akwai aikin gyaran ƙasa, wanda aka riƙa biyan jika 1 da dala 60 a yini har kwana 60, jimilla jika 78. Galibi rami mai siffar rabin wata ake haƙawa a kan faƙo: faɗinsa mita 4, kimanin 313 a eka ta hekta ɗaya, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, layi-layi a saɓe yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Mutum ɗaya yakan yi uku a yini. Tsari ne mai kyau ga mai ƙarfi, amma yana da sharuɗɗa, kuma an fi karya su fiye da kiyayewa.

Lokaci shi ne na farko. Aikin na rani ne, daga watan ɗaya ko na biyu zuwa na biyar. In takardu suka makara aka buɗe fili bayan ruwan shuka, to furoje ya zama wani mai gonar da ke janye talaka daga tasa gonar, abin da muka bayyana wa Alhaji a sama. Sai farashi: in kuɗin yini ya zarce na barema sosai, masu hali za su turo ƴaƴansu su cika layi. Sai inganci: tun da rami ake ƙirgawa, in ba mai awo, za a yi su marasa zurfi, ba a bi gangare ba, ruwan farko ya fasa su. Bayan haƙa kuma dole a zuba taki, a watsa irin ciyawa ko a dasa itace, a hana dabba shiga na shekara biyu ko uku. Kafin duk wannan, hukumar kula da filaye ta gari ta rubuta wa ke da filin da wa zai ci amfaninsa. Filin da ba a san mai shi ba, ranar da aka biya kuɗin ƙarshe ranar aka bar shi.

Maraɗi tana da darasi a kan haka da ya fi na ko'ina. A yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari, shirin mishan na SIM da Tony Rinaudo ke ciki ya ba da abinci ga manoman da suka yarda su bar kututturan itace su toho a gonakinsu, a zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a sassabe sauran. Da abincin ya tsaya, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Mutane sun yi don hatsi ne, ba don sun gamsu ba. Amma ragowar da suka bar nasu suka soma samun itacen girki da na sayarwa, da inuwa da ganyen dabba, iska ta daina binne musu shuka. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba wanda ya biya su. Yau wannan hanya, da ake kira sassaben zamani, ta kai wajen hekta miliyan 5, yawanci a Maraɗi da Damagaram, gawo da kalgo da sabara sun dawo gonaki. Abincin ya sa an gwada. Abin da ya sa aka riƙe shi ne itacen na mai gona ne.

Akwai kuma illar da ba a cika faɗa ba. Garin da aka saba biyansa don ya share magudanar ruwa ko ya gyara ajin zana, in aka kira gayya sai a ce nawa ne. A nan kam masu cewa tallafi na kashe zuciya suna da gaskiya. Aikin da gari ya saba yi da kansa kada a sa masa kuɗi. A biya wanda ya fi ƙarfin gayya.

Sannan ka tuna da tsohuwa mai riƙon jikoki, da makaho, da mai tsohon ciki. Su ba za su ɗaga diga ba. Shi ya sa rabon kyauta ga waɗanda aka tantance da sayar da hatsin OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, a farashi mai rahusa, buhun kilo 100 a jika 13, suke tafiya tare da aikin kuɗi.

TAMBAYA: Ya halatta in ba mai lafiya, mai ƙarfin nema, zakkata?
Wata Hajiya, Sabon Gari, Maraɗi

AMSA: Hajiya, aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas, faƙirai da miskinai ne a gaba. Akwai hadisin da ya ce mawadaci da mai ƙarfin nema ba su da rabo a cikinta, da kuma wanda ya fifita ɗaukar igiya a yo itace a sayar a kan roƙo. Duk da haka malaman Malikiyya sun halatta a ba mai iya nema in abin da yake samu bai ishe shi ba, har ma a ba shi abin da zai riƙe shi shekara. Malaman Shafi'iyya kuma sun ce mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan sana'arsa. Manomin da ya yi noma fari ya cinye, mai ƙarfi ne, kuma mabuƙaci ne.

Shawararmu ta wajen rabo ce. Jika 200 da aka watsa wa mutum ɗari a ƙofar gida, jika bibbiyu, ta ƙare kafin la'asar, baɗi kuma layin ya fi tsawo. In aka ba mutum uku ko huɗu da aka san halinsu, ta isa keken ɗinki na hannu, ko awaki, ko fansar gonar da ke jingine. Ki tuntuɓi malaminki a kan nisabi da yadda za ki fitar.

TAMBAYA: Ina cikin masu karɓa, saura mini wata 14. Tun da na soma, maigida ya rage kuɗin cefane, ya ce ai ina da nawa. Ina tsoron ranar da za a daina. Me zan yi ya zama na tsira da wani abu?
Wata uwar gida, Cadawa

AMSA: Ƴar'uwa, tsoron nan naki shi ne jarinki na farko. Maganar maigida tukuna: ciyar da gida nauyinsa ne a addini da al'ada, tallafi bai sauke masa ba. In kuɗinki ya maye gurbin nasa kawai, gidan bai ƙaru da komai ba. Ku zauna kafin ranar biya, ba ranar ba, ku yanke abin da zai shiga tukunya da abin da za a ajiye. In abin ya ƙi, a sa wani babba da yake jin nauyinsa. Ki nuna masa ribarsa a ciki: akuyar da za a sayar a watan takwas ita ce za ta hana shi zuwa barema. Masu cewa kuɗin nan a taba da shaye-shaye yake ƙarewa kuwa, masu bincike David Evans da Anna Popova sun tattara bincike 19 daga ƙasashe dabam-dabam, ba su ga kashe kuɗi a kan waɗannan ya ƙaru ba.

Watannin ba ɗaya ba ne, kada ki kashe su iri ɗaya. Daga watan shida zuwa na tara kuɗin na ci ne, kada ki ji kunyar haka. Daga watan goma zuwa na ɗaya, da akwai hatsi a rumbu, ko dala kada ta shiga tukunya in da hali. A nan ake sayen gero da wake da araha a ajiye, a nan ake tara harawa da ƙaiƙayin gyaɗa tun ba su yi tsada ba. Wake a zuba shi a buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda dabam, in ba haka ba ƙwaro zai riga ki.

Ki shiga asusu in ba ki ciki. Tsarin Mata Masu Dubara a jahar nan aka haife shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu duniya. Mata 25 zuwa 30 ne, zubi duk mako, ko dala 50 ce, akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin a hannun ta huɗu, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Ana ba da rance na ɗan lokaci, a fasa a raba bayan wata tara zuwa shekara. Amfaninsa gare ki biyu ne: ƴan canji suna zama dunƙule, kuma kuɗin da ke cikin akwati ba a iya roƙonsa ranar suna ko biki.

Dunƙulen nan shi ne abin nema. A wani bincike da aka buga a 2022, an bi matan da ke karɓar tallafin wata-wata a ƙauyuka fiye da 300 na Nijar. An bar wasu da tallafin wata kaɗai, sauran duk an sa su asusu, an koya musu sana'a, an ba su mai bibiya. Wasu aka ƙara musu jika 80 a dunƙule, wasu aka ƙara musu horon sanin kai da taron gari inda maza da shugabanni suka tattauna sana'ar mata, wasu aka haɗa musu duka. Wata 18 bayan haka duk rukunan sun fi waɗanda aka bari da tallafin wata kaɗai samun kuɗin sana'a da abinci. Abin lura, rukunin horo da taron gari, wanda ba a ba jika 80 ba, ya fi kowanne biyan kuɗin da aka kashe masa. Goyon bayan miji da gari ba ƙaramin abu ba ne a wannan harka.

In kiwo za ki yi, jar akuyar Maraɗi ta fi dacewa da ƙaramin jari: cikinta wata biyar, takan haifi tagwaye, kuma in ta ƙoshi tana iya haihuwa uku a shekara biyu. Ki sayi biyu, kada ɗaya, don in ɗaya ta mutu kada a koma farko. A buɗe baki a duba: mai manyan haƙora biyu a gaba ta kai haihuwa kuma ba ta tsufa ba. Ki guji mai majina, mai zawo, ko mai ƙurji a baki, komai arharta. Sabuwar da aka kawo daga kasuwa a ɗaure ta gefe mako biyu kafin ta haɗu da na gida. A yi mata allurar rigakafin da ma'aikatan dabbobi ke zagayawa da ita, a ba ta maganin tsutsa farkon damina da ƙarshenta. Turkar rago don Layya tana da riba, amma wata uku zuwa huɗu ne na dusa da harawa kullum. Wadda ba ta tara abincinsa tun kaka ba, ribar a wajen mai dusa za ta ƙare.

In sana'ar hannu ce, ki dubi garin tukuna. Mata goma da suka karɓi kuɗi rana ɗaya, in duk suka kafa kaskon ƙosai a gari mai gida ɗari, ba wadda za ta mayar da kuɗin mai. Wata ta yi man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta kai kasuwar mako, wata zogale, wata kayan miya. Kuɗin jari a ƙulla shi dabam da na cefane, bashi kuma kada ya wuce abin da za ki iya yafewa.

In a garinku akwai ma'ajiyar da ake jinginar da amfanin gona, ki tambayi sharuɗɗanta. Ana kai buhu da kaka a rufe da kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiyar manoma ɗaya na masu ba da rance, a ba ki rancen da bai kai cikakken kuɗin buhun ba, ki juya shi da rani, ki biya wajen watan huɗu ko na biyar ki karɓi buhunki lokacin da ya yi daraja. Kafin ki sa hannu ki san kuɗin ajiya na kowane buhu a wata, da abin da za a ɗora a kan rancen, da ranar ƙarshe ta biya, don in ta wuce buhun ake sayarwa.